Mutanen da Ke Fitowa Biyar-Biyar

Na kai likita da malamin lissafi Tungar Dorina, mun yi kwana uku, mun dawo da ranmu, ban samo Yaya Mamman ba. Abin da ya faru ke nan. Amma tun da na dawo 'yan dakon albasa na bakin ruwan Yelwa ba su bar ni na huta ba, kowa sai ya ce in ba shi labari, wasu har sun fara ƙara nasu. Zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Sunana Bawa. Shekara huɗu da suka wuce jirginmu ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa ranar kasuwa, ya rabe biyu. Ni ke riƙe da injin. Yaya Mamman yana goshin jirgi yana duba hanya. Ni na fita da raina. An yi kwana biyu ana tsamo gawawwaki, ba a ga tasa ba. Tun ranar ban sake taɓa injin ba, dako nake yi.

Gidanmu ya tsaya cak. Matarsa Rabi ba ta zama mai takaba ba, ba ta kuma zama matar aure ba. Malamai sun ce lokaci ya cika, tana iya zuwa gaban alƙali ya sallame ta. Inna ta ce ba da yawunta ba, don wani mai sayen busasshen kifi ya taɓa gaya mata ya hango mai tsayin Mamman a Tungar Dorina, wani tsibiri can ƙasan Wara. Rabi ba ta son ta bar gidan da fushin Inna a kanta. Sai dai a je a duba. Babu matuƙin da ke son zuwa can, ni kuma ba ni da jirgi.

Ana cikin haka Likita Luba ta zo Yelwa. Binciken tsargiya take yi, cutar nan ta fitsarin jini da ke kama masu shiga ruwa. Ta riga ta gama da tungayen masunta na Shanga, tana neman wanda ya san kututturan ƙasan Wara. Aka nuna mata ni. Tare take da wani dogon mutum mai tabarau, Malam Isyaku, shi ke riƙe mata littafin sunaye.

"An ce ka taɓa kifar da jirgi," in ji ta.

"Sau ɗaya."

"To akwai kututture ɗaya da ka fi kowa sanin wurinsa," in ji Malam Isyaku. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya daina.

Na ce zan kai su duk inda suke so, amma sai an sa Tungar Dorina a ciki. Na gaya musu dalili. Likita ta duba takardarta, ta ce babu wannan suna. Ta rubuta da hannunta.

Da mota muka tafi Wara. Ni ina baya tsakanin kuloli uku masu ƙanƙara, gwiwata a haɓata. Hanya ta mutu a wurare da yawa. A wani shinge 'yan sa-kai suka tsayar da mu, ɗaya ya buɗe kula ba tare da tambaya ba, ya zaro kwalba ja mai sanyi, ya ɗaga ta a rana.

"Hajiya, zoɓo ne?"

"Fitsarin mutanen Shanga ne."

Ya mayar da ita a hankali da yatsu biyu, ya ce mu wuce. Har muka yi nisa ina hango shi yana goge hannu da ƙasa.

A Wara an ba mu ɗaki biyu a bayan wani shagon magani. Tuwon shinkafa muka ci da miyar ɗanyen kifi. Malam Isyaku mutumin tudu ne, bai iya cin ƙarfasa ba, ƙaya ta maƙale masa a wuya. Likita ta ce a kawo mata fitila da abin tsinka. Matar da ta sayar mana da tuwon ta tura masa loma uku ta ce ya haɗiye ba tauna, ta wuce. Da safe ya sa rigar ruwa mai hana nutsewa, mai ruwan lemu, tun a ɗaki, da ita ya yi karin kumallo, da ita ya bi ta kasuwa. Matan Kambari masu ɗauke da itace a kafaɗa suka tsaya suna kallonsa, shi ma ya tsaya yana kallon yadda ba sa ɗora kaya a ka.

Jirgin haya muka samu, na katako, mai injin ƙarami. Na kama igiyar injin, hannuna ya ƙi. Sau uku ina ja ba ƙarfi. Likita ta juya tana gyara kuloli da ba su buƙatar gyara. A na huɗu ya tashi.

Malam Isyaku ya zauna kusa da ni, yana magana don kada ya kalli ruwa. Ya ce riƙe littafin sunaye taimako ne kawai, ba shi ne aikinsa ba. Na ce mene ne aikinsa.

"Lissafi. Amma ba na ƙirga buhu ba. Muna nazarin wani irin taro ne, wanda in ka haɗa biyu daga cikinsa sai su ba ka na uku, shi ma ɗan cikin taron ne. Wani taron ya yi girman da ba mai iya duba shi duka. Sai mu ɗebi kaɗan, biyu ko biyar, mu bi duk abin da suka haifar, da abin da waɗannan suka haifar, har ya rufe. Mu duba halin wannan ɗan yankin."

"Kamar duba buhun albasa ta baki."

"Kusan haka. Sai dai mu ba baki kaɗai ba, duk inda aka sa hannu. In kowane ɗiba ya fito da hali guda, sai mu tambaya: shin duka taron yana da halin? Wani halin yana hawa. In kowane biyu ka ɗauko ba su damu da wa ke gaba wa ke baya ba, to duk taron haka yake. Wani halin kuma ba ya hawa. Akwai taron da kowane yanki ka ɗebo yana da iyaka, za ka ƙirga shi ka gama, amma taron kansa ba shi da ƙarshe."

Na kauce wa wani kututture da kansa ya ɗan leƙo. Na ce, "Ranar da muka kife, kowane fasinja shi kaɗai ba shi da nauyi."

Ya cire tabarau ya dube ni.

Mun fara tsayawa a wata tunga ta Gungawa, irin wadda kowa ya sani. Tun kafin jirgi ya taɓa ƙasa mutane sun cika baki, hayaniya, warin kifi, taru a shanye ko'ina. Aka raba kwalabe, aka cika, Likita ta kafa madubinta na duba ƙwayoyin cuta a ƙarƙashin rumfa. Da yawa suna da cutar. Ta ba su magani, suka ba mu fura. Daga nan muka nausa tsakiyar ruwa, inda ake cewa Kebbi ta ƙare Neja ta fara. Babu shinge, babu alama. Wayoyinsu dai suka daina kamawa.

Kafin azahar muka isa Tungar Dorina. Babu kowa a baki sai mutum ɗaya mai sanda. Babu kwale-kwale ko ɗaya a ɗaure. Wani gungumen giginya yana kwance a gicciye tsakanin rairayi da hanyar shiga gari.

Ya ce shi ne Maigari. A wurinmu in baƙo ya sauka sai an tambaye shi hanya, da gida, da iyali, da ruwa, har ya gaji da amsawa. Wannan ya amsa sallama ya tsaya. Likita ta yi masa bayani. Ya saurara, ya ce ya yarda, amma da sharaɗi uku: ba za mu tsallake gungumen ba, ba za mu kwana a tsibirin ba, kuma mutane biyar-biyar za su riƙa fitowa.

"Baba, a tara su gaba ɗaya mana, ya fi sauri," in ji Likita.

"Ba mu taruwa."

"Don me?"

"Mutum biyar ba su nutsar da jirgi."

A kan busasshiyar ƙasa yake tsaye lokacin da ya faɗi haka.

Suka fara fitowa. Biyar su zo su karɓi kwalabe, su zaga bayan ciyawa, su dawo, a tsaga musu yatsa, su koma. Sai sun ɓace sannan wasu biyar su bayyana. Maza, mata, tsofaffi, masu goyo. Hausa suke yi, amma ba iri ɗaya ba, wannan harshen Sakkwato, wancan da gargadar Fulatanci, wata da ta Kambarci. Jininsu ja ne. Na duba.

Malam Isyaku yana tambayar kowa sunansa, da na uba da uwa, da miji ko mata, da 'ya'ya, da 'yan'uwa, don Likita na son ta san ko cutar na bin gida. In ya gama ya shafa wa mutum tawada shuɗiya a babban yatsa. Ni kuma ina gefe, kowane biyar na tambaye su ko sun san Mamman, dogo, mai tsagar kunnen hagu, mutumin Yelwa. Kowane biyar suka ce ba su sani ba.

Da azahar aka kawo mana abinci aka ajiye a kan gungumen. Rogo ne dafaffe da kifi, babu gishiri, babu yaji, babu mai. Ba su ci tare da mu ba, ba su kuma tsaya ganin mun ci ba.

La'asar ta yi, Likita ta ɗago daga madubi ta goge gilashinsa, ta sake dubawa. Ta miƙo mini kwalba.

"Malam Bawa, taimaka mini. Ina jin madubin nan ya lalace."

Na zaga, na kawo. Ta duba.

"Kai kana da ita," ta ce, har da ɗan murmushi. Sai murmushin ya tafi. "Madubi lafiyarsa lau. Su ne babu ko ɗaya mai ita."

Ta tsinci dodon koɗi a bakin ruwan, irin wanda ke ɗauke da cutar. Ga su nan birjik.

A wani tudun rairayi da ke fuskantar tsibirin muka yi masauki, muka kafa tamfol. Daga can na ƙirga rufin bukkoki, ashirin da uku. Da safe kafin mu haye na sake ƙirgawa, ashirin da uku. Hayaƙi ban gani ba.

Rana ta biyu haka ta tafi. Kafin la'asar mun wuce mutum ɗari da hamsin. Babu wanda ya zo da tawada a yatsa. Na san fuska, aikin matuƙi ne, ban ga ɗaya sau biyu ba. Malam Isyaku ya daina barkwanci. Ya baje littafinsa a kan kula ya nuna wa Likita.

"Dubi nan. Kowane gida na bi ya rufe. Wanda aka ambata mini suna, ya zo na gan shi, goma, sha biyu, shi ke nan. Amma babu gidan da ya taɓa wani. Ba wanda ya auri ɗiyar maƙwabci, ba waɗanda suka haɗa kaka. A tsibiri guda."

"'Yan gudun hijira ne," in ji Likita. "'Yan bindiga suka koro su daga garuruwa daban-daban. Mutanen tudu ne, ba su daɗe da zuwa ba, shi ya sa cutar ba ta kama su ba tukuna. Sauran bukkokin suna can cikin ciyawa. Wanda aka taɓa kai wa hari ranar taro ba zai sake son taro ba."

"Haka ne," in ji Malam da sauri. "Tabbas haka ne."

Na ce, "Da wane jirgi suka zo? Kifin da muka ci, da wane taru aka kama?"

Likita ta ce ƙanƙara ta fara narkewa, gobe ne ƙarshe.

A rana ta uku wata tsohuwa ta zo cikin biyar ɗinta. Ina shirin tambayarta sai ta riga ni.

"Kai ɗan nan, mi ka kai ka wancan gefe? Ai da sahe na gan ka kana ɗinkin taru."

Na ce ni baƙo ne. Ta matso ta ƙura mini ido, ta kama haɓata ta juya kaina, ta duba kunnena na hagu.

"A'a," ta ce. "Ba kai ba ne."

Wani cikin biyar ɗin ya ja hannunta. Na ce, "Iya, wa kika gani?" Ba ta waiwayo ba.

Na tsallake gungumen. Likita ta kira ni, ban tsaya ba. Maigari yana zaune da sandarsa, bai hana ni ba.

Rana tsaka ce, babu inuwa mai tsawo. Bukkoki na ciyawa ne, tsaf, an share ƙofa. Babu kaza, babu akuya. A inuwar ta farko mutum biyar suna zaune a kan tabarma, ba sa hira. Ina isowa ɗaya ya miƙe ya tafi. Sauran huɗun suka dube ni, suka dubi gurbin da ya bari. Na wuce. A gaba mata biyar suna tsince wani abu a faifai, ina matsowa ɗaya ta ajiye nata ta shige bukka. Haka a wuri na uku. Duk inda na tsaya, har da ni mu biyar ne.

A na huɗu ƙafafuna suka gaji, na ɗora hannu a kan gurbin tabarmar. Da danshi. Zafi ake yi ƙwarai, wataƙila zufa ce. Wani dattijo ya ce, "Zamna mana." Ban taɓa jin an yi mini tayin zama da taushi haka ba. Na ɗauke hannuna.

Na kira Yaya. Na kira Mamman, sunan da ban taɓa kiransa da shi a gabansa ba. Ba wanda ya ɗaga kai. Na bi hanyar har ta wuce bukka ta ashirin da uku. Ta shiga ciyawa mai tsayi, na bi. Hanya ce da ƙafa ta taka sosai, mai faɗi. Ta gangara ta shiga ruwa. Gaba ciyawa ce a cikin ruwa iyakar ganina. Ko akwai wani tudun a bayanta, ban sani ba. Ban ga taru ba, ban ga mai ɗinki ba. Na shiga har gwiwa, na tsaya. Abin da ya hana ni ƙarawa shi ne babu wanda zai fitar da mutanen nan biyu ta cikin kututture in ban dawo ba. Wannan ita ce gaskiya, ba jarumta ba ce.

Da na dawo kwalabe sun ƙare. Ɗari biyu da hamsin muka kawo tsibirin. Likita ta riga ta loda kaya, Malam yana cikin jirgi ya ɗaure rigar ruwansa har wuya. Mutum biyar suna tsaye a bayan gungumen suna jira. Can bayansu, da 'yar tazara, wasu biyar.

"Baba, saura mutum nawa?" in ji Likita.

"Biyar," in ji Maigari.

Sai da muka wuce tsakiyar ruwa wayoyi suka fara ƙara, sannan na yi magana.

"Malam, na tambayi kowa. Ba ya can ko?"

Ya ce, "Duk wanda muka gani ba shi ba ne. Wannan zan iya rantsuwa a kai. Amma a aikina ba ma cewa duka sai mun tabbatar da kowane ɗiba, ba wanda aka miƙo mana kaɗai ba. Mu waɗanda aka turo muka gani. Ba mu ga ƙarshen layi ba, Malam Bawa. Ka yi haƙuri."

Likita ta ce za ta rubuta a kawo musu agaji, za ta kuma dawo da kwalabe masu yawa. Ta ba ni maganin tsargiyata. A Yelwa muka rabu.

Na tarar da Inna da Rabi a tsakar gida suna gyaran shinkafa. Na zauna na faɗa musu duka, har da maganar tsohuwa. Ban rage ba.

Rabi ba ta ɗago ba. "Ka gan shi da idonka?"

"A'a."

"Tsohuwa ta ga mai kama da kai. Ni shekara huɗu kullum ina ganin mai kama da shi yana shigowa ƙofar nan da ƙurar albasa, bai zama shi ba." Ta ajiye faifai, ta durƙusa gaban Inna. "Inna, an je an duba. Ki yafe mini."

Inna ta dube ta. Ta ce, "Tashi, ɗiyata. Ke kin gama naki." Sannan ta juyo gare ni.

"Ka ga ƙarshensu?"

"A'a, Inna."

"To kai ba ka gama ba."

Rabi ta je gaban alƙali a makon. Ta yi takabarta, ta koma gidan iyayenta a Shanga, na raka ta tasha da kayanta. Ba wanda ya yi mata gori, wanda kuma ya yi zai gamu da ni.

Yanzu ina Wara. Ina tuƙa jirgin wani mutum ranakun kasuwa, ba na ɗaukar fiye da abin da na ce, ko za a zage ni. Ranar da babu kasuwa nakan haye ni kaɗai, in zauna a wannan gefen gungumen, in tambayi duk wanda ya fito. Ban sake tsallakawa ba tukuna.